Gwajin Sikila Kafin Aure: Ina Dokar Kano Ta Tsaya?

A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano. Ana duba ƙanjamau da ciwon hanta, amma wanda ya fi wuyar haɗiyewa shi ne gwajin sikila. Saurayi da budurwa lafiyarsu ƙalau, sai likita ya ce musu matsalar tana jikin 'ya'yan da ba su haifa ba tukuna.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila, wato amosanin jini. Alƙaluman da aka fi ambato sun ce kimanin jarirai 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da ciwon ba. A wannan lissafi, aure ɗaya cikin goma sha shida AS ne ya haɗu da AS, kuma kowane ciki da matar za ta ɗauka yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon kansa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, suna zaton sai ɗa na huɗu. A'a, kowane ciki lissafinsa daban: wasu su haifi biyar babu ko ɗaya, wasu uku a jere.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya yaɗa ƙwayar a ƙasashenmu. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi jure wa zazzaɓin, saboda haka ya fi rayuwa ya hayayyafa. Farashin wannan kariya kuwa masu SS ke biya. Binciken da aka yi a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau, a shekarun 1970 ya gano kusan jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma da aka duba manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Ba warkewa suka yi ba. Rasuwa suka yi tun suna ƙanana, aka ɗora wa mayu ko iska.

To, gwajin yana hana irin wannan aure? Abin da ya faru a Saudiyya ya isa darasi. Ta wajabta gwajin a 2004, amma ta bar wa masu auren zaɓi. A shekarun farko kusan tara cikin goma na waɗanda aka gargaɗa sun yi aurensu, domin sakamakon ya zo bayan iyaye sun gama magana an kashe kuɗi. Sai da wayar da kai ta yi nisa, zuwa 2009, kusan rabi suka fara fasawa.

Mu ma haka abin yake, ko ma ya fi. Ana zuwa asibiti bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, wani lokaci har an raba katin gayyata. Idan kuma auren zumunci ne, fasawa na iya raba 'yan uwa ciki ɗaya. Wanda ya kai wannan matsayi ba shawara yake nema ba, takarda yake nema, kuma duk inda takarda ta zama sharaɗi sai an sami mai sayar da ta bogi. Ga kuma kuskuren ɗakin gwaji. Akwai gwaji mai arha da ba ya bambance AS da SS, akwai kuma nau'in AC da ake mantawa da shi, alhali idan ya haɗu da AS ana iya haifar SC, wanda shi ma nau'in ciwon ne. Sannan idan aure ya watse, sau da yawa yarinyar ce ke kwana ciki, a riƙa raɗa cewa jininta ba kyau, bayan ita da saurayin duk abu ɗaya suke ɗauke da shi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: gwajin ba zai kawar da ƙwayar ba. AS ya auri AA, wato wanda ba shi da ƙwayar, rabin 'ya'yansu, a ƙiyasi, AS ne. Aikin ba na shekara goma ba ne, na kowane zamani ne.

Kuma dokar ba ta taɓa yaran da aka riga aka haifa ba. A Kumasi ta ƙasar Gana, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai tun 1995, domin jaririn da aka gane da wuri ana ɗora shi kan fenisilin da allurar rigakafi da maganin zazzaɓi kafin ciwon ya kayar da shi. A Kano ma, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna amfanin maganin haidroksiyuriya wajen kare waɗannan yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Dokar ta yi daidai, lokacin gwajin ne ya makara. Gwamnati ta mayar da shi ɗakin haihuwa da makarantun sakandare, kyauta, a rubuta sakamakon a katin asibiti, yadda saurayi zai san matsayinsa kafin ya fara zuwa zance.