Mariƙin Wuƙa Na Titaniyam: Gaskiya Da Daɗin Bakin Masu Talla

Da Babbar Sallah ta ƙarato, cinikin wuƙaƙe kan buɗe a Monday Market ta Maiduguri. A tsakanin wuƙaƙen yanka da na fiɗa akwai 'yan ƙanana na aljihu masu naɗewa, wasu da mariƙi mai sheƙi kamar bakan gizo. Mai kaya zai ce: "Alhaji, wannan titaniyam ne, ba ya tsatsa, ba ya ƙarzuwa." A cikin zancen nan akwai gaskiya, akwai kuma ƙari.

Batun tsatsa gaskiya ne. Titaniyam, wanda William Gregor ya gano a Ingila a 1791, da zarar ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, ta kare shi daga ruwa da gishiri. Sai dai mariƙin ne kawai ke da wannan kariya. Ruwan wuƙar na ƙarfe ne, domin titaniyam ba ya riƙe kaifi yadda ƙarfe mai tauri ke riƙewa. Wuƙar da ta kwana cikin laka lokacin ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 za ta iya fitowa da mariƙi fes, ruwanta kuwa ya yi jajir da tsatsa.

Launi ne ya fi ruɗar masu saye. Wasu na cewa fenti ne, wasu na cewa ruwan zinare aka zuba. Duk ba haka ba ne. Ana tsoma titaniyam cikin wani ruwan sinadari, a sakar masa wutar lantarki, sai fatar nan ta ƙara kauri. Haske na dukan samanta da ƙasanta ya dawo, ido kuma ya ga launi, kamar yadda ɗigon fetur kan yi a saman ruwa. Ƙarfin wutar ne ke zaɓen launin: ƙaramin ƙarfi ya ba da ruwan ƙasa, a ƙara ya koma shunayya, sannan shuɗi, can gaba ruwan zinare da kore. Wannan hanya ba ta fitar da ja na sosai ko baƙi wuluk. Baƙin mariƙi shafi ne daban aka yi masa.

Haka kuma launi ba shaida ba ce cewa kayan titaniyam ne. Yawancin wuƙaƙe masu araha da ke walƙiya da launuka bakwai ƙarfe ne aka lulluɓe da shafi mai ɗauke da titaniyam, dangin wanda ake gani ruwan gwal a bakin ƙusar injin huda katako.

Zancen rashin ƙarzuwa kuwa ƙarya ne tsagwaronta, kuma mazaunin Maiduguri ya fi kowa buƙatar sanin haka. Yashi ya fi titaniyam tauri. Ƙurar hunturu da ta shiga aljihu, ga makullai ga tsabar kuɗi, sun isa su zana mariƙi cikin 'yan makonni. Wanda aka goge kamar madubi shi ne farkon nuna tabo. Wanda aka fesa wa ƙwayoyin gilashi ya yi toka-toka yana da daɗin riƙo, ba ya zamewa ko hannu na zufa, amma duk inda makulli ya goge shi sai layi ya fito. Mai launi kan dushe da maiƙon hannu. Sabulu da ruwa na dawo da shi, amma gefunan da suka cinye sai an sake saka musu wuta. Wanda ya fi jure zaman garin nan shi ne wanda aka jujjuya cikin ganga da tsakuwa, domin tun daga masana'anta yake cike da ƙananan zane, sabon tabo ba ya fitowa fili.

Wajen gane titaniyam na gaske, gwajin maganaɗisu da ake yawan ambato rabin gwaji ne. Maganaɗisu ba ya kama titaniyam, amma ba ya kama alminiyam, haka ma wasu nau'o'in ƙarfen da ba ya tsatsa. Nauyi ya fi faɗin gaskiya: titaniyam bai kai kashi 60 cikin 100 na nauyin ƙarfe ba, ya kuma ɗara alminiyam sosai. A kan dutsen injin wasa wuƙa yana fitar da tartsatsi fari tas, alminiyam kuwa ba ya fitar da ko ɗaya.

Mai neman wuƙar aiki ya fara tambayar irin ƙarfen ruwanta, ya buɗe ta ya rufe ya ji ko maƙallinta na kamawa gam, sannan ya zaɓi mariƙin da aka jujjuya da tsakuwa.