W88: Lambar da asibiti ke ba radiyeshin, da dalilin da ya sa wayar salula ba ta cikinta

Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa kwana da waya ƙarƙashin matashi daidai yake da shiga na'urar hoton asibiti, wai duk radiyeshin ne. Kundin da asibitoci ke amfani da shi wajen ba cututtuka lamba bai yarda da haka ba. Ya raba su gida biyu, kowanne da lambarsa.

Mene ne wannan kundi?

Sunansa ICD, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke kula da shi. Kowace cuta, kowane rauni, da abin da ya jawo shi, an ba su gajeriyar lamba ta harafi da alƙaluma. Amfaninta shi ne kwamfuta ta iya ƙirga su. Likita ɗaya zai rubuta "ƙunar fata", wani ya rubuta "fata ta saɓule", manhaja kuwa ba ta san abu ɗaya suke nufi ba sai sun zo da lamba ɗaya.

An amince da bugu na 10 a 1990. Amurka ta faɗaɗa shi zuwa nata mai suna ICD-10-CM, mai lambobi kusan 70,000, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba, 2015. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, amma asibitoci da kamfanonin inshora da yawa suna kan na 10.

W88 da W90

Komai a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya tana da ilektiron da ke zagaye ta. Wani radiyeshin yana da ƙarfin da zai fizge ilektiron ɗin, ta haka yake lalata ƙwayoyin halittar jiki. Shi ne na W88. A tsarin Amurka an kasa shi uku: W88.0 hasken eksire, W88.1 sinadarai masu fitar da radiyeshin irin su siziyom da kobalt, W88.8 sauran.

Igiyar rediyo da waya, Wi-Fi da ƙarfen sabis ke amfani da ita ba ta da wannan ƙarfi. Abin da aka tabbatar tana yi wa jiki shi ne ɗumama shi idan ta yi yawa sosai. Gidanta W90.0 ne, kusa da hasken leza da ke W90.2. A 2011 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya igiyar rediyo a rukunin 2B, wato abubuwan da ake tuhuma amma hujja ba ta isa ba. Hasken eksire kuwa yana rukuni na 1, na waɗanda aka tabbatar suna iya jawo cutar daji.

Yadda ake karanta lambar

A ɗauki W88.1XXA. Wurare uku na farko su ne rukuni, 1 ɗin bayan ɗigo ita ce nau'i. X biyun ba sa nufin komai, cike gurbi ne kawai, domin harafin ƙarshe dole ya zauna a wuri na bakwai. Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet aka ƙi karɓa saboda lamba ba ta cika ba ya san irin wannan. Harafin ƙarshe yana faɗin matakin jinya: A ana tsakiyar magani, D mara lafiya ya dawo bibiya, S matsalar da ta biyo baya bayan ciwon ya wuce.

W88 ba ta zama ita kaɗai, domin sanadi kawai take faɗa. Dole lambar ciwon ta zo gabanta. Idan fata ce ta ƙone, L58.0. Idan ciwon radiyeshin ne da ba a fayyace ba, T66. Manhajar asibiti mai kyau za ta ja kunnen ma'aikaci idan ya sa W88 a sahun farko, kamfanin inshora kuma na iya dawo da takardar ba biya.

Wanda ya je asibiti aka yi masa hoton ƙirji lafiya lau ba a sa masa W88. Hoto ɗaya kusan milisibat 0.1 ne, alhali mutum na samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa, iska da sararin sama. Ciwon radiyeshin kan fara ne idan jiki ya sha wajen 1,000 cikin ɗan lokaci. Idan gashin cutar daji ya bar illa ba tare da kuskure ba, lambar sanadin Y84.2 ce, idan an zarce awo ne, Y63.2. Mai aiki a wurin da ake cuɗanya da radiyeshin, kamar ma'aikacin ɗakin hoto ko mahaƙin yuraniyom a Arlit, yana da tasa, Z57.1.

Inda haɗarin yake

A Satumbar 1987, a birnin Goiânia na Brazil, wasu mutum biyu sun shiga tsohon asibitin da aka yi watsi da shi, suka kwance wani ɓangare na na'urar gashin cutar daji, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai garin siziyom-137 mai shuɗin haske a duhu. Aka riƙa raba shi ga dangi da maƙwabta ana sha'awa. Mutane suka fara amai da gudawa, aka ɗauka ciwo ne na yau da kullum, sai bayan kusan mako biyu aka gano sanadin. Mutum 4 sun mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6. An gwada kusan mutum 112,000, aka samu 249 da gurɓata.

A tsarin yau, W88.1 ce lambar sanadin wannan. Idan aka rubuta amai da gudawa kawai, bayanan za su narke cikin dubban irinsu. Idan aka haɗa da W88.1, mutum biyar daga unguwa ɗaya sun isa su ja hankalin mai duba rumbun bayanai.

A Najeriya hukumar NNRA ce ke kula da irin waɗannan sinadarai. Wanda ke harkar gwangwan, ko yake da ɗan'uwa a ciki, ya riƙe alamar: fukafukai uku kamar na fanka, baƙaƙe ko ja-ja, a kan ruwan ɗorawa. Ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa kuma ɗauke da wannan alama, ba a fasa shi, ba a kai shi gida. A nisance shi, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma. Wanda kuma ya riga ya taɓa, ya gaya wa likita abin da ya taɓa tun kafin a tambaye shi, domin daga bakinsa lambar sanadin za ta fito.