Sarauta da Iko

Sau da yawa akan ɗauki kalmomin sarauta da iko kamar ma'anarsu ɗaya ce. Amma in an lura, sarauta ita ce rawani da tambari da fada, iko kuwa shi ne a ce a yi a yi, a ce a bari a bari. Sa'ad da biyun suke hannun mutum guda ba mai damuwa da rarrabe su, sai sun rabu ake ganin bambancin.

Misali mafi bayyana shi ne na Bagadaza. A shekarar 945 Banu Buwaihi suka shiga birnin, suka bar Halifan Abbasiyawa a kan gadonsa. Ana ambaton sunansa a huɗubar Juma'a, ana buga shi a jikin dinari, amma soja da baitulmali suna hannun Amirul Umara'i. A 946 ma suka tuɓe Halifa Mustakfi suka naɗa wani. To, me ya hana su kawar da halifancin ɗungum? A ganina, mai takobi yana bukatar wanda zai halatta masa takobin a idon jama'a.

A Arewacin Nijeriya kuwa a hankali abin ya zo. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sarakuna sun ci gaba da riƙe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari da tara haraji a ƙarƙashin En'e, ko da yake Razdan yana bisa kansu. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da sarki mai ba da shawara kurum. Tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu a 2020, ya nuna inda iko ya koma.

Duk da haka, kuskure ne a kira wannan sarautar jeka-na-yi-ka. Bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin shan inna a 2003, hukuma tana da kuɗi da ma'aikata da magani, amma magidanta da yawa suka ƙi buɗe ƙofa. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa shiga gaban masu rigakafin, gida gida.