Kiwon Ƙananan Kifayen Ado a Gida: Abin da Ke Kashe Su da Yadda Za Ka Kare Su

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, domin wanda bai samu damar ji ba.

Sau da yawa mutum zai sayi kifayen ado, ya zuba su a akwatin gilashi, yara na ta murna, kafin mako ya zagayo sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Kuɗi sun tafi, rayuka sun salwanta. To, mene ne sanadi?

Da farko, ka san halin abin da kake kiwo. Kifin da ake kira niyon tetira, mai layin shuɗi da ja, asalinsa daga kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Akwai kuma wani ƙarami mai ido kamar fitila, wanda masana ke kira Poropanchax normani. Wannan namu ne, ana samunsa a ruwayen Afirka ta Yamma har zuwa yankin Tafkin Chadi. Dukansu a ayari suke rayuwa, saboda haka ne suke tsira daga manyan kifaye. In ka sayi biyu kawai, tsoro zai kama su, su ɓuya, su daina cin abinci, launinsu ya dushe. Kada ka yi ƙasa da shida, goma ya fi. Goma kuwa suna buƙatar kamar lita 60, wato jarka uku masu lita 20. Kuma kada ka haɗa su da tarwaɗa, ai sai ta mayar da su kalaci.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi yin kisa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama gubar amoniya, wadda ido ba ya gani. Ruwa zai yi garau, alhali guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson matacin ruwa, su ne ke juya wannan guba ta koma abu mai sauƙi. Sai dai suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka ka kunna matacin, ka riƙa jefa ɗan abinci kaɗan a ruwan, ka yi haƙuri tukuna kafin ka kawo kifi. In ka tashi wanke soson, ka wanke shi da ruwan akwatin. Ruwan famfo yana da kulorin, zai kashe maka ƙwayoyin. Shi kansa ruwan famfon, sai ka ɗiga masa maganin cire kulorin, ko aƙalla ka bar shi ya yi kwana ɗaya a buɗe. Kowane mako ka canja kashi ɗaya cikin huɗu, ba duka ba. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa.

Na uku, zafinmu. Niyon tetira yana son ruwa mai digiri 20 zuwa 26, amma ka san yadda Yamai da Marwa da Maiduguri suke a watan Afrilu, zafi na haura 40. Ruwa in ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a cikinsa. In ka ga sun taso sama suna buɗe baki, to alama ke nan. Ka nisanta akwatin daga taga, ka sa fanka tana kaɗa saman ruwan, ko ka jefa gorar ƙanƙara a rufe. In an ɗauke wuta, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama. Da hunturu kuma ka lura da sanyin dare.

In ɗakinka ba ya yin sanyi, gara ka nemi kifin da ya saba da ƙasarmu. In kuwa ka gaji da kiwon, ka ba wani, kada ka saki baƙon kifi a kogi ko tafki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.