Tsohuwar kwamfuta a gidan gwanjo: wata miliyan 450, wata kuɗin rago

A wajenmu idan aka ce gwanjo, abin da ke zo ma mutum a rai shi ne riga ko takalmi da wani ya sa ya gaji, aka kawo cikin dila aka zube mai araha. A Turai da Amurka kuwa akwai manyan gidajen gwanjo da masu hannu da shuni ke taruwa, wannan ya taya, wancan ya ƙara, sai an sallama ma wanda ya fi kowa. Cikin kayan da ake rububi a can har da tsofaffin kwamfutoci na gida, irin na farko-farko.

A watan Oktoba na 2014, a birnin New York, gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da wata kwamfuta mai suna Apple-1 a kan dala 905,000. Dalar Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A canjin lokacin kuɗin sun haura sefa miliyan 450. Gidan adana kayan tarihi na Henry Ford ne ya saya. Idan kuka ga abin, sai ku rantse cikin tsohuwar rediyo aka ciro shi: faifai ne guda da ƴan ƙananan na'urori a manne, babu akwati, babu allon kallo, babu madannan rubutu. Haka aka sayar da ita tun asali, mai saye shi ke nemo sauran. Ƙwaƙwalwarta kilobait 4 ce, wato tana riƙe haruffa wajen 4,000, kusan tsawon wannan rubutu da kuke karantawa.

Labarin fitowarta labari ne na ƴan kasuwa tsantsa. A 1976 Steve Wozniak ya ƙirƙiro ta, abokinsa Steve Jobs ya shiga nema mata kasuwa. Jari babu. Jobs ya sayar da motarsa, Wozniak ya sayar da na'urarsa ta lissafi. Wani mai kanti a jihar Kaliforniya, Paul Terrell, ya ce a kawo masa guda 50, kowace dala 500. Da wannan alkawari Jobs ya je ya ɗauko kayan haɗi bashi na kwana 30, suka haɗa, suka kai, suka biya bashi. Farashin sari 500, aka ɗora kashi ɗaya cikin uku, mai sayen ɗaiɗai ya biya dala 666.66. Duk macen da ta taɓa ɗaukar kaya bashi da safe ta biya da marece ta san wannan lissafi.

To mi ya kai ta miliyoyi? Guda 200 ko kusa da haka aka yi duka-duka. Da Apple II ta fito a 1977, kamfanin ya riƙa karɓar tsofaffin yana ba da sabbi da rangwame, da yawa kuma aka lalata su. Waɗanda aka tabbatar sun rage wasu gommai ne, an rubuta kowace cikin wata rajista a intanet da hotonta da tarihin hannuwan da ta bi. Ta Bonhams kuma tana aiki. Ga kuma suna: kamfanin da ya fara da wannan faifai shi ne mai iPhone.

Yanzu ku dubi Commodore 64, wadda ta fito a 1982 a kan dala 595. Ta fi Apple-1 ƙwaƙwalwa sau 16, tana da launi, tana da sauti, a talabijin na gida ake jona ta, shirye-shiryenta kuma a kaset ake ɗaukarsu, irin kaset ɗin da muka saba sa waƙa. Yara miliyoyi da ita suka koyi kwamfuta. Wanda ya kafa kamfanin, Jack Tramiel, ya yi ta karya farashi har ya kori wasu abokan gasa daga kasuwa, aka sayar da fiye da miliyan 12. A ganinmu ita ta fi yi ma talaka amfani nesa ba kusa ba. Amma yau gama-garinta ba ta wuce kuɗin ragon layya ba, don kusan kowane gida da ya ajiye tarkace a can yana iya fito da guda. Haka ZX Spectrum ta Ingila, ta 1982, da Thomson MO5 wadda gwamnatin Faransa ta zuba a makarantu a 1985. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan kasuwa tsufa kaɗai ba ya kawo mai taye.

A 2015 jaridun Amurka sun ruwaito cewa wata mata da mijinta ya rasu ta kwashe tarkacensa ta kai ma wani kamfanin tara tsofaffin kayan lantarki a Kaliforniya, ta tafi ba ta bar suna ba. Cikin kwalin aka tarar da Apple-1, kamfanin ya ce ya sayar dala 200,000, ya shiga cigiyarta don ya ba ta rabi.

Irin wannan labari shi ke buɗa ma ƴan damfara ƙofa. Akwai masu ƙera kwaikwayon Apple-1 a fili, suna sayar ma masu sha'awa da sunan kwaikwayo, sai wani ya saya ya ce ta asali ce. Shi ya sa masu tarawa ba sa taya kaya sai sun ga lambarsa, rasit ɗin saye, littafin bayani da kwalinsa. Abin da ya zo da kwalinsa ya fi wanda ya zo tsirara daraja, wanda aka yi ma fenti ko aka canza masa kayan ciki kuwa farashinsa faɗuwa yake yi.

Masu harkar tsofaffin kayan lantarki, a Katako ta Yamai ko a wata kasuwa, idan irin wannan na'ura ta faɗo hannunku kada ku yi gaggawar jona ta da wuta don gwaji. Bayan shekara 40 a ajiye, batirin ciki, idan akwai shi, kan zubar da ruwa ya ci faifan, wasu ƙananan na'urorin kuma fashewa suke yi da zarar wuta ta shiga. Wadda aka yi don Amurka da wuta mai ƙarfin 110 take aiki, tamu kuwa 220 ce.