Madarar gwangwani a Madawa, Buza da Keita: awon da ran jariri ya rataya a kansa

Gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa sun yi suna wajen tafiya cin rani. Daga Abijan, Kano, Libiya ko Aljeriya, magidanci kan aiko da kuɗin suna, wani lokaci har da gwangwanin madarar jarirai. Sai dai gwangwani ɗaya ba ya kai ko'ina, kuma a nan matsalar take farawa.

Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da ba ya samun nonon uwa yana buƙatar kusan mililita 150 na haɗaɗɗiyar madara a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ke nan mai kilo 3 zai sha kusan mililita 450, a raba masa sau 8, wajen mililita 60 kowane sha. A kwanakin farko ana farawa da ƙasa da haka, domin cikinsa ƙarami ne. Yawancin kamfanoni sun tsara cokalin da ke cikin gwangwani ɗaya, a shafe bakinsa, ga mililita 30 na ruwa.

Idan aka yi lissafi, wata shida na farko na cinye kusan kilo 20 na gari, wato gwangwani 50 masu giram 400. Inda kuɗi suka yanke, sai a ƙara ruwa don madarar ta kai ƙarshen wata. Yaro zai ƙoshi da ruwa, amma yana ramewa. Wasu kuma su koma ga madarar shayi ta awo, wadda ba a yi ta don jarirai ba.

Ga kuma batun ruwa, a yankin da ƙauyuka da dama suka dogara da rijiya. Dole a tafasa shi, a haɗa madarar yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, a huce kafin a ba yaro, a zubar da abin da ya wuce awa 2. Kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Gudawa na iya kai jariri ga tamowa cikin kwanaki kaɗan, cutar da ƙungiyar MSF ta shafe shekaru tana jinyarta a Madawa da Buza.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke nanata nonon uwa zalla tsawon wata shida, tun daga dakashi, ba ruwa, ba bauri. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin ɗari kawai na jariran Nijar ke samun haka.

Gwangwani na da muhallinsa, kamar ga marayan da babu mai shayar da shi, kuma ko a nan a fara zuwa cibiyar lafiya ta CSI a auna nauyinsa. Amma in uwa tana da lafiya, kuɗin gwangwani 50 sun fi amfani a gero, wake, mai da naman da mai jego za ta ci.