Tun Ran Gini Ran Zane: Muhimmancin Tsara Tunani Kafin Rubuta Kundin Bincike

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kwangila, ta ratsa Palladan ta nufi Samaru, ya san yadda shagunan buga takardu kan cika maƙil da ɗalibai idan shekarar karatu ta zo gangara. Wannan na jiran a buga masa babi na biyu, wancan na roƙon a ɗinke masa kundi kafin wa'adi ya cika. Abin takaici, da yawa daga cikin waɗannan kundaye idan suka isa teburin malami mai duba aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ko wata makarantar gaba da sakandare a Zariya, sai a tarar shafuka sun yi yawa amma ba a san inda maganar ta dosa ba. Yawancin waɗannan ɗalibai suna da ƙwaƙwalwa kuma sun yi karatu. Ciwon shi ne sun fara rubutu tun ba su yanke shawarar abin da suke son faɗa ba.

Asarar da wannan kan jawo ba ƙarama ba ce. Kundin da aka yi ta mayarwa gyara yana iya ƙara wa ɗalibi zango guda ko ma shekara, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin hayar ɗaki a Palladan ko Samaru, ga iyaye a gida sun zura ido. Haka kuma ɗalibin da ya rasa alkibla shi ne ya fi saurin faɗawa satar fasaha, domin wanda bai da abin cewa dole ya ari bakin wani. Tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da manhajar ChatGPT ta fito, lamarin ya ƙara tsanani, don yanzu cikin 'yan mintoci ana iya samun shafuka masu daɗin karatu waɗanda mai su ba zai iya kare layi ɗaya daga cikinsu ba a gaban masu jarrabawa.

Alhali kuwa tsara tunani kafin rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman Daular Sakkwato sukan bayyana manufar littafi tun a farkonsa, su ambaci yadda suka kasa shi zuwa muƙaddima da babi-babi ko fasali-fasali da rufewa. Littafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mai suna Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, yana da fasali 63, kowanne da mas'alar da ya tunkara da hujjojin da suka dace da ita. Wanda ya iya jera fasalin aikinsa haka, lalle ya riga ya ga ƙarshen tafiyar kafin ya ɗaga ƙafa.

A nan Zariya ma muna da misali. A 1936 Abubakar Imam ya zo daga Katsina ya zauna wajen wata shida tare da Rupert East na Hukumar Talifi, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Labaran da ya yi aiki da su sun fito daga wurare daban-daban, wasu na Larabawa, wasu na Turawa, wasu na Indiya, wasu na gida. Da zuba su ya yi yadda ya same su, da tarkace kawai za mu gada. Sai ya fara gina musu rumfa: a littafi na farko aku yana ba da labari don ya hana ɗan sarki fita, a na biyu gasa ce tsakanin aku biyu, a na uku kuma aku yana horar da ɗansa. Ta haka kowane labari ya sami dalilin zamansa a inda yake. Ko da yake wannan adabi ne, darasin ɗaya ne ga mai kundin digiri.

To, ta ina ɗalibi zai fara? Matakin farko shi ne ya bambanta fage da tambaya. Ɗalibin nazarin harshe da ya ce zai yi aiki a kan “Hausar Sabon Gari” fage kawai ya ambata, kuma fagen ya ishi mutum goma. Sabon Garin Zariya ya bunƙasa ne bayan zuwan layin dogo a farkon ƙarni na 20, ya tara Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauran al'ummu, kowa da irin Hausarsa. Amma masana sun daɗe da lura cewa Zazzaganci kan sassauta bambancin jinsi, har a ji an ce “rigan yaro” a inda Daidaitacciyar Hausa za ta ce “rigar yaro”. Ashe ɗalibi zai iya tambaya: idan ɗan kasuwar Sabon Gari wanda Hausa ba harshensa na gado ba ce ya bar bambanta namiji da mace a magana, daga Zazzaganci ya ɗauko, ko tasirin harshensa na asali ne? Wannan tambaya ce mai iyaka, kuma ita da kanta za ta nuna wa za a saurara, mutum nawa, da irin jimlolin da za a tattara.

Mataki na biyu, ɗalibi ya rubuta amsar da yake tsammani a jimla ɗaya tak. Ba laifi ba ne idan bincike ya ƙaryata ta daga baya. Amfaninta shi ne ta zama ma'aunin da zai tace abin da ya karanta. Wanda ya kasa taƙaita aikinsa a jimla ɗaya yadda ƙaninsa na sakandare zai gane, bai kai lokacin buɗe kwamfuta ba tukuna.

Mataki na uku shi ne yadda ake adana abin da aka karanta. Wanda ya shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ya yini yana kwafar shafuka cikin littafin rubutu guda, zai fito da kaya masu nauyi amma marasa juyuwa. Abin da ya fi shi ne kowane ra'ayi ya sami katinsa, ko a takarda ko a waya, a rubuta shi da kalmomin ɗalibin kansa, tare da sunan marubuci da shekara da shafi. Masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, Niklas Luhmann, wanda ya rasu a 1998, ya bar irin waɗannan katuna wajen 90,000, kuma da su ya yi ta gina littattafansa. Ɗalibin digiri na farko kati ɗari ma sun ishe shi. Idan ya baza su a tabarma ya haɗa masu kama da juna, zai ga babi-babin aikinsa sun fara fitowa, ya kuma ga inda masana suka saɓa wa juna.

Wannan ne zai warkar da cutar da ta addabi babin bitar ayyukan da suka gabata, inda ake jera “wane ya ce, wance ta ce” bisa shekaru har shafi talatin ba tare da an kai ga wata gaɓa ba. Masanin harshe John Swales ya nuna a 1990 cewa gabatarwar maƙalar bincike takan bi matakai uku: a bayyana fagen da muhimmancinsa, a nuna giɓin da magabata suka bari, sannan a faɗi yadda za a cike shi. Abin da sassan Hausa na jami'o'inmu ke kira hujjar ci gaba da bincike, wannan giɓin ne, kuma ba ya ganuwa sai an jera ra'ayoyi bisa batutuwa.

Mataki na huɗu shi ne zanen ginin: shafi ɗaya ko biyu da ke ɗauke da sunan kowane babi, aikin da zai yi wajen amsa tambayar, hujjojin da za su shiga cikinsa, da makon da za a gama shi. Duk kan maganar da ba ta taimaka wa tambayar ba, a cire ta komai daɗinta. Wannan takarda ce ya kamata ta fara zuwa hannun mai duba aiki, domin gyaran shafi biyu aikin rabin awa ne, gyaran shafi tamanin kuwa rushe gini ne bayan an yi rufi.

A nan mu malamai ma muna da namu nauyin. Darasin dabarun bincike bai kamata ya tsaya ga haddar ma'anoni da yadda ake jera manazarta ba. Ya kamata sassa su wajabta wa kowane ɗalibi gabatar da tambayarsa da tsarin aikinsa a gaban 'yan ajinsu kafin a ba shi izinin rubuta babi na ɗaya, a yi masa tambayoyi ya amsa da bakinsa. Yin haka zai rage wa malami karatun banza, ya kuma fallasa aikin saye ko na na'ura tun da wuri, don manhaja tana iya rubuta wa mutum shafi, amma ba za ta tsaya a gaban allo ta kare shi ba.

Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafuwarta a 1962, ta yi suna ne da kundaye irin na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina, wanda madaba'ar jami'ar ta buga a 1981, ake kuma jayayya da shi har yau saboda yana da matsaya bayyananniya. Idan muna son 'ya'yanmu su gaji wannan suna, sai mu koya musu zama su yi tunani, su zana, kafin su ɗora alƙalami. Allah Ya sa mu dace, amin.